Tukunyar matsi mai lita 1 don raba kara da garin katako: me take iyawa, ina take gazawa

Tukunyar an ƙera ta da ƙarfe marar tsatsa samfurin 316, da maburgi mai juyawa da maganaɗisu, da ma'aunin zafi da na matsi. Aikinta dafa kayan tsiro a cikin gaurayen itanol da ruwa, har silulos da hemisilulos da lignin, manyan sinadarai uku da suka haɗa jikin tsiro, su rabu, kowanne ya kama gabansa.

A wannan aikin ba ta da makusa. A zuba giram 60 na busasshen kara da aka niƙa zuwa milimita 1 ko 2, da mililita 600 na ruwan haɗi mai itanol kashi 60 cikin 100, da salfurik asid giram 0.6. A lissafa danshin karan a cikin kason ruwa, in ba haka ba haɗin zai tsinke. A dafa a digiri 180 na Selsiyus na tsawon awa 1. Matsi kan kusanci bar 20, wato kusan ninki 20 na matsin iskar waje, kuma murfin yana riƙewa ba tare da yoyo ba. Kada a cika ta fiye da kashi 2 cikin 3, domin ruwan yana kumbura da zafi.

Inda take da rauni shi ne hucewa. Bangonta mai kauri ne, yana riƙe zafi, dahuwar kuma ba ta tsayawa don an kashe wuta. Sukarin hemisilulos yana ci gaba da lalacewa ya koma wani sinadari mai suna furfural, lignin da ya narke kuma ya soma komawa yana manne wa zaren silulos, sai a sami ɓargo, wato dunƙulen zaren da ya rage, mai duhu wanda enzayim, sinadarin da ke narkar da silulos, ba ya iya ci da kyau. Don haka wanda zai saya ya haɗa da bututun sanyayawa na ciki. Wannan ba kayan ado ba ne, rabin aikin ke nan. A tace abin da aka dafa da ɗuminsa, a fara wanke ɓargon da itanol mai ɗumi irin na dahuwar. Ruwa zalla yana sa lignin ya kwanta nan take a kan zaren. Ruwan da aka tace, a ƙara masa ruwa ninki 3, lignin zai kwanta kamar garin ƙasa, sukarin ya tsaya a narke cikin ruwan da ke sama.

Robar murfi ma abin dubawa ce. Ta Viton, wani nau'in roba, tana jure itanol, amma asiton, wani ruwan narkarwa, yana kumbura ta har ta saki. Mai aiki da asiton ya nemi ta PTFE, wato Teflon. Asid mai kulorin kuwa, ƙarfe 316 ba ya jure shi a wannan zafin, ramuka ƙanana yake fitar masa.

Bututun ɗibar samfuri yana toshewa da garin kara, tun ba ma idan niƙan ya yi laushi da yawa; ƙaramar raga a bakinsa tana magance hakan.