Marsandi V-boot: abin da na gani tun da na fara tuƙa ta

Idan aka ce a lissafa motocin Mercedes-Benz da suka fi yin suna, Turawa da 300 SL ta 1954 za su fara, mai ƙofofin nan da ke ɗagawa sama, wadda guda 1,400 kacal aka ƙera. Dattawa su kawo 600 ta 1963, motar shugabannin ƙasashe. Samarin yanzu kuwa ba su da zance sai G-Wagon, ko da yake da yawansu ba su san tun 1979 ake yin ta ba, kuma a birnin Graz na Ostiriya ake harhaɗa ta, ba a Jamus ba. Duk cikinsu babu wadda na taɓa riƙe makullinta. Wadda na sani ciki da bai ita ce W124, wadda muke kira V-boot, kuma a ganina ta cancanci kujera a sahun gaba.

Tawa 230E ce, ƙirar 1991, mai giya otomatik, na saye ta hannu na biyu. Kamfanin ya fito da wannan samfuri a ƙarshen 1984, a lokacin da Bruno Sacco ke shugabantar sashen zane, sai a 1993 aka raɗa masa suna E-Class. Ita ta gaji W123, wadda aka sayar da kusan miliyan 2.7, don haka ba ƙaramin nauyi aka ɗora mata ba.

Abin da ya fara burge ni ƙofa ce. Ka rufe ta ka ji "dum" guda ɗaya, babu ƙarar gwangwani, babu karkarwar gilashi, bayan shekara talatin da ɗoriya. Sai waifa. Guda ɗaya ce tak a tsakiya, amma idan ta doshi kusurwa sai ka ga hannunta ya miƙe ya ƙara tsawo, ta share lungun, ta dawo ta tsuke. Da damina yarana kan roƙe ni in kunna ta ko ruwan ya ɗauke. Fitilun baya ma ba sumul suke ba, tsagi-tsagi gare su. An yi su haka ne don ko laka ta rufe saman, haske ya fito ta cikin tsagin, kuma wanda ya taɓa bin hanya da daddare cikin ƙurar hunturu ya san amfanin wannan.

A kan titi ne take biyan kuɗinta. Tsarin ƙafafun bayanta, mai hannuwa biyar a kowace taya, daga Marsandi 190 ta 1982 aka ɗauko shi. Sakamakonsa, idan ka hau hanyar Kano zuwa Zariya ka kai gudun kilomita 120, motar sai ta kwanta, sitiyari ya yi nauyi daidai, tirela ta wuce ka iskarta ba ta ture ka ba. Ƙananan ramuka a kunne kake jin su, ba a ƙugu ba. Kujerun da tauri a ranar farko, har na yi tsammanin za su gajiyar da ni, amma tafiya mai nisa ce ke nuna hikimarsu: ka sauka bayanka lafiya lau.

Kada dai wanda ke son tsere ya zo nan. Injin silinda huɗu ne, lita 2.3, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 da 'yan kai ba, kuma in ba ka take totur sosai ba da giya ta biyu take tashi. A danja, ƙaramar Corolla za ta bar ka tsaye. Tafiyarta irin ta basarake ce, ba ta gaggawa, sai ta ɗauki hanya sannan a ga girmanta. Mai neman wuta akwai 500E, mai injin V8, wadda aka yi aikinta tare da Porsche, amma wannan a hoto kawai nake ganinta.

Birkin ajiye mota ma da ƙafar hagu ake taka shi, a saki da ɗan hannu a gefen sitiyari. Duk wanda na ara wa motar sai ya lalubi tsakanin kujeru tukuna.

Inda gizo ke saƙa shi ne mai da kuma bakanike. Tankinta lita 70 ne, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na daina cika shi sai in tafiya ta kama. A cikin gari, da cunkoso, ga na'urar sanyaya ciki a kunne, tana sha ba wasa. A doguwar hanya da sauƙi.

Bakanike kuwa, nan ne ake kashe waɗannan motoci. Injin yana aiki da tsarin feshin mai na Bosch da ake kira KE-Jetronic, rabi ƙarfe rabi lantarki, kuma ba kowa ya iya shi ba. Wani da na fara kai wa, daga jin tana ɗan rawa in tana tsaye, sai ya ce, "Alhaji, a cire wannan tarkacen a sa mata kabureto, kowa haka yake yi." Na ce ya rufe bonet. Wani dattijo da ya tsufa a kan Marsandi shi ya gano ƙaramin tiyo ne ya tsage yana shan iska. Ya canza shi, ya wanke nozul, ya ce da ni, "Ɗana, wannan mota ba ta son gaggawa, ba ta son jabun kaya. Ka ba ta baƙin mai a kan lokaci, ka bar ta." Kayan gyara ba su yi wuya ba, a Ƙofar Ruwa ko Panteka za ka samu na Beljiyam, kuma na fi yarda da tsohon na asali a kan sabon da ba a san inda aka yi shi ba.

Na tuƙa Marsandi C300 ta yayana, ƙirar bayan 2010. Ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba, ta fi ta sanyi, ta fi ta kayan latse-latse. Amma ko fitila ce ta kama a allo sai an nemo mai kwamfuta, ga ta ƙasa-ƙasa, kowane tudun rage gudu sai an bi shi a karkace. S-Class kuma, babbar motar alfarma ta Marsandi, a kujerar baya na taɓa shiga ta, a ɗaurin auren wani aboki. Daɗinta babu musu, kuma a motocin Marsandi ita ce ke fara kawo sabon abu: birkin ABS mai hana taya kullewa a 1978, jakar iska a 1981. Sai dai wannan motar mai direba ce da aljihu mai zurfi.

Wanda zai sayi V-boot yau, ya tafi da bakanikensa da sassafe, a tayar da ita injin na sanyi. Ya duba tsatsa a wurin sa jak da ƙarƙashin batir, ya ɗaga kafet ɗin but ya ga ko ruwa na kwanciya. In ƙirar 1993 zuwa 1995 ce, ya taɓa wayoyin kan injin, domin robar wayoyin wancan lokaci takan bushe ta farfashe. In kuma ya tarar an riga an sa mata kabureto, ya rage kuɗi sosai ko ya nemi wata.