Bindigar .22: mai ɗura kanta ko mai liba?

Manomin da gafiya da zomo suka addabi gonarsa a bayan Samaru, ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR ya ishe shi, muddin yana da lasisin 'yan sanda. Inda ake rabuwa shi ne yadda bindigar ke ɗura harsashi.

Mai ɗura kanta, irin Ruger 10/22 mai cin harsashi 10, ƙarfin harbin ne ke tura ƙarfen ciki baya, ya tofar da kwanso, ya ɗauko sabo. Ga sauri. Amma harsashin .22 yana barin toka da kakin jikinsa, idan suka gamu da ƙurar hunturu da man da aka labta, sai ƙarfen ya yi nauyi, kwanso ya maƙale a ƙofa. Harsashi mara ƙarfi ma haka yake sa ta cije. Tana son wanki a kai a kai, mai kuwa ɗigo biyu ya isa.

Mai liba, wato ƙarfen da ake ja ƙasa da hannu a mayar don ɗura harsashi, kamar Henry H001, tana ɗaukar 15 a bututun da ke ƙarƙashin hancinta. Hannunka ne injin, saboda haka ko guntun harsashi mara ƙarfi, .22 Short, za ta ci. Aibinta ɗura bututun, ɗaya bayan ɗaya, yatsu kusa da bakin bindiga. A ƙurar Zariya, mu dai ita muka fi amincewa da ita.