Dobsonian ko ƙaramin teleskop: wanne ke nuna curin taurari?

Ɗan'uwa, tsakanin ƙaramin teleskop mai gilashin milimita 70 da Dobsonian (babban teleskop mai madubi da ake turawa da hannu) mai madubin milimita 200 da ka tambaya, ɗauki Dobsonian. Duka biyun na riƙe.

Daren da na fara saita Dobsonian ɗina kan M13, wani curin taurari masu cunkoso a rukunin taurarin Hercules, har yau yana idona. Babu farin wata. Na zauna cikin duhu kusan minti 20 ban taɓa waya ba, don ido ya saba. Da farko abin fari-fari ne, kamar ɗan sawun auduga. Na canza gilashin leƙawa na teleskop ɗin, girman ya kai ninki 150, sannan na ɗan kawar da kallona gefe, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa kama haske mai rauni. Nan take bakin curin ya tarwatse, ga ƙananan taurari birjik kamar an watsa farin yashi a baƙin yadi, tsakiyar kuwa a cunkushe. Na fi awa ɗaya ina tura bututun da hannu a hankali, don juyawar duniya na fitar da shi daga gani cikin minti ɗaya ko biyu. Wannan curin da Edmond Halley ya gano a 1714, haskensa ya yi tafiyar sama da shekara 20,000 kafin ya faɗo kan madubina.

Duk maganar tana kan faɗin madubi ne. Na milimita 200 yana tara haske kusan ninki 8 na mai 70, kuma hasken ne ke rarrabe taurarin ɗaya bayan ɗaya. Yana da nauyi kam, kuma za ka riƙa daidaita madubansa jifa-jifa, amma da ka yi sau biyu hannunka zai saba.

Ƙaramin kuwa zai nuna maka ramukan wata da zoben Saturn, amma M13 ɗigon hazo kawai zai zama. Na yi da-na-sanin sayen nawa, ga ƙafafunsa da ke rawa da zarar ka taɓa.

Ka kiyayi masu sayarwa da ke nuna maka "525x" ko "675x" a jikin kwali, wato ninkin girman da suka ce yana ƙarawa. Yaudara ce. Girman da ke da amfani bai cika wuce ninki biyu na faɗin gilashin a milimita ba, wato mai 70 iyakarsa wajen 140. Hotunan nan masu launi na jikin kwalin ma ba da shi aka ɗauka ba. In na hannu za ka saya, leƙa madubin da kanka ka tabbata rufinsa bai ɓare ba.

In ya iso, bayan M13 nemi sauran curin taurari irinsa, M3 da M5 da M22. In kuma sararin kudu a buɗe yake inda kake, kada ka bar Omega Centauri: taurari kusan miliyan 10 ne a cikinsa, faɗinsa a sama ya kai na cikakken wata, ko da ido kawai ana hango shi.