Ruwan oksijin ɗin nan da ake tallata wa masu kansar ƙwaƙwalwa, ku riƙe kuɗinku

Kwalba ce 'yar ƙarama mai murfin ɗigawa, an rubuta a ɗiga a kofin ruwa safe da yamma, wai yana kai oksijin cikin ƙarin ya kashe shi. Ba lambar NAFDAC a jiki, ba adireshin kamfani, sai lambar WhatsApp. Na ɗanɗana, gishiri-gishiri ne kawai da ɗan warin ruwan famfo. Ƙanwar babanmu ce ta sayo wa mijinta da likitoci suka ce glioblastoma ce ke damunsa, wato wata muguwar kansar ƙwaƙwalwa, kuma kuɗin kwalba biyu ya isa a kai shi asibiti a dawo har da canji.

Mai shagon kam ya iya baki, ba zan ci haƙƙinsa ba, ya kawo mata kujera, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, ai kansa ba ta rayuwa inda akwai oksijin, wani Bajamushe ma ya ci Nobel a kai". Otto Warburg yake nufi, kuma eh ya ci a 1931, amma a kan yadda sel, wato ƙwayoyin halittar jiki, ke numfashi aka ba shi, ba a kan cutar kansa ba. Abin da mutumin ya gano game da cutar shi ne sel ɗin kansa suna zuƙar sukari suna sarrafa shi ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin ko da oksijin ɗin na nan, bai taɓa nuna cewa shan wani ruwa na warkar da ita ba.

Ni fisiyoloji na karanta, wato ilimin yadda jiki ke aiki, shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Gaskiya ne tsakiyar irin wannan ƙari ba oksijin sosai, yana girma da sauri fiye da yadda jini zai iya ciyar da shi, jijiyoyin da yake ƙirƙira kuma duk a karkace suke suna yoyo. To amma sel ɗin ba zama suke su mutu duka ba, akwai wani furotin HIF da ke taruwa idan iska ta yi ƙasa, shi ke kunna musu hanyoyin tsira, a kansa ne Kaelin da Ratcliffe da Semenza suka samu Nobel a 2019. Sannan a jikin fatar kowane sel akwai ƙananan ƙofofi da sinadaran gishiri irin su potasiyam da kuloraid ke bi, idan rashin oksijin ya sa sel ya kumbura kamar balan-balan zai fashe sai ƙofar kuloraid ta buɗe, gishiri ya fita ruwa ya bi bayansa, sel ya sace ya tsira. Ta potasiyam kuma da ake kira BK, a gwajin da aka yi kan sel ɗin glioblastoma a lab an ga aikinta na ƙaruwa idan oksijin ya yi ƙaranci, sel ya ƙara iya matse jikinsa ya kutsa cikin lafiyayyar ƙwaƙwalwa, shi ya sa ko an yi tiyata an cire take dawowa.

To ina ruwan kofi zai shiga nan don Allah? Da huhu ake ɗaukar oksijin ba da ciki ba, kuma jinin mai lafiyar huhu dama a cike yake, sa wa mara lafiyar 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin za ka ga 96 ko 98. Matsalar hanyar kai jinin ce cikin ƙarin ta lalace.

Inda oksijin ke da amfani da gaske shi ne wajen gashin rediyoterafi, sel ɗin da ba su da shi sai an ninka musu ƙarfin gashi kusan sau uku kafin su mutu. Amma wannan lissafin likitocin kansa ne. Abin da aka tabbatar tun 2005 shi ne tiyata, gashi, da ƙwayar temozolomide, shi ma matsakaicin rayuwa ya tashi ne daga wata 12 zuwa kusan 15, cuta ce mai wuya wallahi, ba mai ce maka sauƙi.

Abin da ya fi ɓata min rai, da Gwaggo ta ce an ba su ranar fara gashi sai mai shagon ya ce a ɗan dakata a ga aikin maganinsa tukuna. Da muka mayar da kwalbar da ba a fasa ba kuma ya ce kaya in sun fita ba sa dawowa. Tauraro ɗaya na ba shi, shi ma don ba a iya ba da sifili.