Madannin kurus ɗin da na saya: laifinsa da wanda ba nasa ba

Wata uku ke nan da na canza madannin kurus na jikin sitiyarin motata, abin nan da ke riƙe wa mota gudu ɗaya ba sai ƙafarka na kan totur ba. Tsohon ya gaji, sai na danna sau biyar kafin ya ji. Sabon kuwa ranar farko ni kaɗai nake ta murmushi. Na kunna, koriyar alama ta fito a dashbod, na kai 100, na danna SET, na ɗauke ƙafa, mota ta riƙe gudunta cak. Mai ciwon gwiwa irina ne zai gane daɗin abin.

Bayan sati biyu sai ya fara sakin gudu da kansa, ana cikin tafiya in ji mota ta yi sanyi. Na gama tsine wa maƙerinsa a zuci kafin na je wurin mai wayarin. Ya sa mita ya gwada maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ya nuna mini cewa madannin ba ya taɓa inji ko kaɗan. Saƙo kawai yake aikawa ta wata naɗaɗɗiyar waya da ke cikin sitiyari, kwamfutar mota ta gane wanne aka danna, ita ce ke duba gudun mota ta ƙara wa inji wuta ko ta rage. Duk maɓallan ya same su lafiya. Ashe ɗan makunnin fitilar birki ne ya yi sako-sako, da an shiga gargada sai ya shaida wa kwamfuta an taka birki, ita kuma da jin haka take sakin kurus. Ya ce, "Yallaɓai, wannan ka zalunce shi." Na ji kunya, na dawo ina yabonsa.

Yabon bai daɗe ba. Wata rana da dare na tsayar da gudu a 110, sai na cim ma wata tirela tana jan ciki a hawa. Na taka birki na sauko wajen 60, ina bin ta a baya ina jiran hanya ta buɗe. Na kai yatsa zan ƙara sautin rediyo, ashe RES na taɓa. Shi kuwa RES aikinsa ya mayar da mota gudun ƙarshe da ta haddace, ba ruwansa da abin da ke gabanka, tunda irin nawa ba shi da rada, na'urar da ke gano motar da ke gaba. Sai ji na yi giya ta sauko, inji ya yi ruri, mota ta zabura kan bayan tirela. Allah ya sa ƙafata na kusa da birki. Sai da na sauka gefen titi na zauna, hannuna na rawa.

Wani zai ce ganganci na ne. Na yarda da rabi. Amma tsohon madannin akwai ɗan tudu a kan RES, yatsa na gane shi ko a duhu. Wannan duk maɓallansa sumul suke, ga laushin tsiya, fitilarsu kuma da ƙyar ake ganinta. CANCEL, mai sakin kurus, da ya kamata ya fi kowanne sauƙin samu shi aka matse a lungu.

Har yanzu yana jikin motar, da rana ina more shi. Da magariba ta yi nake kashe shi gaba ɗaya, gwiwar ta yi haƙuri.