Debian da kwantena ko Arch: wanne ya dace da mai rubuta manhaja a Legas?

Aikin da ke hannunka yana neman laburaren da ya fito watan jiya, shi kuwa Linux ɗin da ke kan kwamfutarka yana nan da sigar bara. Da gangan aka yi hakan. Idan Debian, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux irin su Ubuntu, Fedora da Arch, ta fitar da bugu, sai ta tsayar da sigogin a wuri ɗaya, gyaran tsaro da na manyan kurakurai kaɗai ke biyo baya. Debian 12 ta fito a 2023 da Python 3.11, ba a ga sabon bugu ba sai Debian 13 a Agustan 2025. Ubuntu LTS, bugun da ake daɗewa ana kula da shi, shi ma sai bayan shekara biyu-biyu.

Ƙannenmu na Agege da Idi-Araba masu koyon aikin nan a Yaba sun sha tambayata mafita, amsata kuma ɗaya ce: ka bar Debian yadda take, ka yi aikinka a cikin kwantena, wato wani keɓaɓɓen Linux da ke gudana a cikin naka. Ka sauke Podman da Distrobox, manhajojin buɗe kwantena, daga ma'ajiyar Debian ɗin kanta, ka buɗe kwantenar Fedora ko ta Arch, ka zuba duk sabon laburaren da kake so a ciki. Fayilolinka na gida suna nan a gabanka, ba sai ka kwafa ba. Kwantenar kuma da kanel ɗin kwamfutarka, wato zuciyar tsarin, take aiki, saboda haka ba ta cin RAM kamar wanda ya ɗora tsari na biyu a VirtualBox, kuma duk mai tokumbo mai 8GB ya san darajar wannan. Ranar da ta rikice sai ka goge ta ka buɗe wata, kwamfutar na ci gaba da tashi lafiya, aikin mai kaya bai tsaya ba. Abin da na fi dubawa ke nan.

Arch kai tsaye kullum cikin sabuntawa take, ga cin data, ga fargabar a ɗauke wuta ana tsaka da aiki batir ya mutu. Fedora ba laifi, amma wata 13 ne kusan ran kowane bugu. Backports na Debian, ma'ajiyar da ke kawo wa tsayayyen bugu sabbin sigogi, amintacce ne, sai dai kayan cikinsa kaɗan ne. Shi kuwa "sudo make install" zuba kaya ne inda apt, mai kula da fakitin Debian, bai san da su ba.

PPA, wato ma'ajiyar fakiti da mutum ke buɗe wa masu Ubuntu da kansa, ita ce ba na yafe wa. Wani ya taɓa watsar da tasa bayan ta maye min laburaren da rabin tsarin ya dogara da shi, sabuntawa ta cije ana gobe zan miƙa aiki. Ko waye na iya buɗe PPA, kai kuma da ka ƙara ta ka ba shi ikon rut, wato cikakken iko a kan kwamfutarka.

Wallahi harkar nan akwai 'yan damfara. A Maris 2024 Andres Freund ya gano ƙofar ɓoye da aka dasa a manhajar matse fayil ta xz, siga 5.6.0 da 5.6.1, ta kai ga bugunan gwaji na Debian sid da Fedora Rawhide, amma ba ta taɓa Debian stable ba. A Yulin 2025 an cire wasu fakiti masu ƙwayar cuta daga AUR, ma'ajiyar da masu amfani da Arch ke zuba wa kaya. A PyPI da npm, ma'ajiyoyin laburaren Python da JavaScript, kuwa ana ajiye na jabu da suna mai bambancin harafi ɗaya, ana jiran ka yi kuskuren bugawa. Kada ka ɗauko umarnin curl daga gurup ɗin WhatsApp ka haɗa shi da sudo ba ka karanta ba. In ka sayi laptop a Computer Village aka ce an riga an sa maka Linux, goge shi, ka sauko da naka daga shafin Debian, ka tantance SHA256, lambar da ke tabbatar da cewa ba a taɓa fayil ɗin ba.

Kuma Distrobox ba katanga ba ce: tana ganin makullan SSH ɗinka, waɗanda kake shiga wasu kwamfutoci da su. Laburaren da ba ka yarda da shi ba, ka gwada shi a Podman zalla, ba tare da ka haɗa masa fayilolin gida ba.