Sawu biyar zuwa shagon tabarau a Jidda: abin da na gani a bakin kanta

Wannan sharhi ne a kan wani kamfanin tabarau mai rassa da dama a Saudiyya, wanda na yi hulɗa da reshensa guda a Jidda daga watan Rajab zuwa Zulƙida, sawu biyar ke nan ban da kiran waya. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan yaba, akwai kuma inda zan yi ƙorafi, kuma ba na son ƙorafin ya faɗa kan ma'aikatan da ba su da hannu a ciki.

Shekarata 47, aikina kuwa lissafi ne a wani kamfanin dakon kaya, saboda haka yinina duka a kan lambobi yake ƙarewa. Tun bara na lura sai na miƙe hannu na nisanta takarda kafin lambobin su fito sosai, abin da ke samun kusan kowa daga shekara arba'in zuwa sama, lokacin da ƙwayar ido ta fara tauri ta daina lanƙwasawa don ganin abu na kusa. Na yi ta jan ƙafa har Hajiya mahaifiyata, wadda ke zaune wajen ƙanwata a Makka can ɓangaren Shara Mansur, ta fara cewa tana ganin hazo a kan shafin Alƙur'aninta bugun Warshu. Ran nan na ɗauko ta muka tafi tare.

Hajiya ta haura shekara arba'in a ƙasar nan, amma Larabcinta na kasuwa ne da Harami, bai kai na ɗakin awo ba. Muna tsaye ina fassara mata abin da ke rubuce a jikin fom, sai wata matashiya daga cikin masu karɓar jama'a ta matso ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya, ina yini?" Hausarta tana ɗan ɗingishi, irin ta jikokin da aka haifa a nan, amma ta isa ta sa Hajiya ta saki jiki har ta tambaye ta, "'Yar nan, 'yar gidan wa ce ke?" Tun shekarar 2018 da hukuma ta sanya shagunan tabarau cikin sana'o'in da aka keɓe mafi yawan gurabensu ga 'yan ƙasa, matasan Saudiyya maza da mata suka cika bakin kantar irin waɗannan shaguna, cikinsu har da jikokin Hausawan da suka zo aikin Hajji ta Sudan suka zauna. Ga dattijuwa irin Hajiya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Awon ya ɗauki kusan rabin awa. An sa ta leƙa na'ura, an hura mata iska a ido don auna matsin ruwan cikinsa, sannan aka nuna mata allon nan mai harafi guda mai ƙafa uku, tana nuna inda ƙafafun suka fuskanta da hannu. Mai awon ya yi ta sauya gilasai a idon dama, ganin bai ƙaru ba. Ya ce yana zaton yanar ido ce ta rufe idon, kuma matsin da na'ura ta nuna ya kai 25, alhali abin da aka saba gani tsakanin 10 ne zuwa 21. Da ya ji tana da ciwon suga, sai ya ce lallai likitan ido ya duba har bayan idon, domin na'urar shago ba ta yanke hukunci. A lokacin Hajiya ta riga ta zaɓi wani firam mai ruwan zinariya ta riƙe shi gam. Matashiyar nan ta durƙusa kusa da kujerarta ta ce, "Hajiya, kada ki sayi gilashi yau, kuɗinki ne zai tafi a banza. Ki ga likita tukuna, firam ɗin kuma zan rubuta lambarsa in ajiye miki." Ciniki ne a hannu ta sake shi, kuma da ta yi shiru babu wanda zai tuhume ta. Wannan ne babban dalilin da ya sa na ci gaba da zuwa wurin duk da abin da ya biyo baya.

Nawa cinikin wani saurayi ne ya yi shi, kuma a nan matsala ta fara. An rubuta mani gilashi mai hawa uku a haɗe ba tare da layi ba, samansa na nesa, tsakiyarsa na kwamfuta, ƙasansa na karatu. Irin wannan gilashi ba ƙarfinsa kaɗai ake aunawa ba, sai an auna tazarar da ke tsakanin idanu da kuma daidai inda baƙin ido ya faɗa a cikin firam ɗin da mutum ya zaɓa. Saurayin ya ɗiga alama da alƙalami cikin gaggawa, rabin hankalinsa yana kan wani mai saye da ke jira. Ya kuma kwaɗaita mani nau'in da ke yin duhu a rana, na tambaye shi ko zai yi mani amfani a tuƙi, ya ce ƙwarai kuwa. Wannan ba gaskiya ba ce. Hasken da ke sa irin wannan gilashi duhu, gilashin gaban mota yana tare mafi yawansa, don haka a cikin mota da ƙyar yake sauya launi, kuma a tsananin zafi irin na Jidda ba ya yin duhu kamar yadda yake yi a sanyi. Na biya riyal 1,200, da harajin kaya na kashi 15 cikin ɗari ya zama 1,380, inshorar wurin aikina kuwa kaɗan ta ɗauka daga ciki.

An ce in dawo bayan kwana bakwai, amma sai da aka yi kwana goma sha shida. Ba jinkirin ne ya fi ɓata mani rai ba, rashin bayani ne. Na kira lambar kamfanin sau huɗu, kowane kira sai na saurari muryar na'ura, na danna lamba, na jira, sannan wani sabon ma'aikaci ya ɗauka in sake labarin daga farko. Dukansu masu ladabi ne, kuma na fahimci ba su da abin faɗa ne, domin abin da suke gani a kwamfutarsu bai wuce cewa aikin yana ɗakin yanka gilashi ba. Saƙon WhatsApp kuwa amsa ɗaya yake maimaitawa. Kamfanin da ya zaunar da mutum a bakin waya bai ba shi hanyar sanin inda kayan mai saye suke ba, ya jefa shi ne a bakin masu fushi ba tare da abin kāre kansa ba, kuma laifin na kamfanin ne.

Da na karɓi tabarau aka ce mani zan saba. Akwai gaskiya a ciki, domin a kwanakin farko matakalar masallaci tana yi mani kamar tana karkacewa, kuma cikin mako guda wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne karatu. Sai na ɗaga haɓa sama kamar mai kallon rufi kafin in ga lambobin da ke kan takarda, kafin azahar wuyana ya riƙe. Na yi haƙuri kwana goma sha biyar, na koma bayan sallar isha'i.

Na tarar da layi, na zauna kusan minti arba'in, kuma a wannan zaman ne na ga yadda aikin bakin kanta yake. Wani mutum ya shigo da faɗa, siririn rufin da masana'anta ke shafa wa fuskar gilashinsa ya tsattsage kamar busasshiyar laka, yana neman a sauya masa. Matashiyar nan ta bar shi ya gama, sannan ta tambaye shi a hankali inda yake ajiye tabarau ɗin, ya ce a gaban mota. Ta yi masa bayanin cewa zafin motar da aka rufe a rana yana fasa wannan rufin, garanti kuma bai shafi haka ba, amma za ta nemi manaja ya yi masa rangwame. Bai tafi da farin ciki ba, amma ya tafi ba ya ɗaga murya. Bayansa wata mata tana jiran amincewar inshora da ta ƙi fitowa, sai kuma wani yaro da ya zauna a kan tabaransa. Matashiyar ta ɗumama hannun firam ɗin yaron a wata 'yar na'ura mai hura iska mai zafi, ta miƙar da shi da yatsu, ta ɗaure ƙusar da wani siririn sukundireba, ba ta karɓi ko halala ba. Duk tsawon lokacin nan ban ga ta zauna ba.

Da layi ya zo kaina ba ta ce mani zan saba ba. Ta tambaye ni nisan da nake riƙe takarda da kuma tsayin teburina, ta ɗaga gilashin a haske ta nemo wasu ƙananan alamomi da masana'anta ke zanawa a jikinsa waɗanda ido ba ya kama su sai an lura, ta bi su ta mayar da alamar tsakiya da alƙalami. Ta sa ni na miƙe tsaye na kalli idonta kai tsaye, sai ga alamar ta faɗo kusan milimita huɗu ƙasa da baƙin idona. Ke nan wurin karatun ya gangara can gindin firam, shi ya sa nake ɗaga haɓa. Ta kira mai awon ya tabbatar, ta ce, "Yaya, kuskuren daga wajenmu ne, za a sake yanka maka ba tare da ka biya komai ba." Bayan kwana tara ita da kanta ta kira ni. Na sa shi a nan bakin kanta na karanta rasit ɗina har ƙananan lambobin ƙasa, kaina a daidai.

Maganar gilashi mai yin duhu kuwa ba a gyara ta ba. Na faɗa wa manajan abin da aka gaya mani ranar ciniki, ya ba ni haƙuri, amma ya ce babu abin da ke rubuce, don haka ba za a mayar da bambancin kuɗin ba. Na san akwai lambar Ma'aikatar Kasuwanci ta 1900 don ƙorafin masu saye, sai dai ba ni da shaida, na bar maganar. Wanda zai je irin wannan shago ya nemi a rubuta masa ranar karɓa da wa'adin sauyi a jikin rasit, ya karɓi kwafin takardar awonsa, kuma in gilashi mai hawa uku ne kada ya yarda a ɗiga masa alama yana zaune a karkace ko mai aunawar yana hira da wani.

Likita ya tabbatar da yana a idon Hajiya na dama, ya kuma ɗora ta a kan maganin ɗigawa saboda matsin idon. An yi mata aiki bayan ƙaramar Sallah, aka ce ta jira kamar mako shida idon ya zauna kafin a auna mata gilashin karatu. A Zulƙida muka koma, ta taho da Alƙur'aninta a cikin jaka don ta gwada da shi, ba da katin gwajin karatu na shago ba. Firam mai ruwan zinariyar nan yana nan, lambarsa a rubuce kamar yadda aka yi alkawari, kuma da gilashin karatun duka riyal 260 muka biya, aka yanka shi a reshen muna jira. Matashiyar ta lura hijabi yana danne hannuwan firam ɗin a bayan kunne, ta ɗan buɗa su sau biyu har Hajiya ta ce ya zauna. Sannan Hajiya ta buɗe inda ta tsaya a Suratu Maryam ta karanta rabin shafi a hankali, yatsanta yana bin layi, ta rufe ta ce, "'Yar nan, Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan kakanninki."